Ƙarfe Ɗaya da Kwata a Ƙofar Makaranta

Ranar wata Talata cikin watan Sha'aban, da ƙarfe goma da rabi na safe, mu uku ne a wani ɗaki na ofishin da ke sa ido kan makarantu masu zaman kansu a Riyad: jami'in da ke sauraron ƙorafi, da lauyan makarantar da 'yata ke karatu, da ni. Shugabar makarantar tana kan waya, an ajiye wayar a tsakiyar tebur. Abin da ya tara mu takarda ce mai shafi biyu da aka koyar wa 'yan aji shida. Amma mutumin da zamansa a ƙasar ya rataya a kan wannan taro ba ya cikin ɗakin. Yana can unguwar Gubaira a bakin ƙofar makarantar, inda ya yi fiye da shekara ashirin yana gadi. Sunansa Baba Buba, kuma ni na jefa shi ciki. Zan faɗi yadda aka yi, bi da bi.

Kafin in zo nan, shekara tara na yi ina karanta labarai da Hausa a wani gidan rediyo a Damagaram. Abin da aikin ya bar mini murya ce da ɗabi'a guda: ba na faɗin abu sai da rana, da sa'a, da wuri, da majiya. Editanmu yakan dawo mini da takarda ko da saura minti biyu a fara, ya ce, "Ari, yaushe? A ina? Wa ya faɗa?"

Sulay, wata unguwar masana'antu a Riyad, ita ce zangona na farko. An ce mini aikin tafinta zan yi a wani kamfanin gine-gine, tunda ina jin Faransanci da Larabci. Mutumin da ya tarbe ni a filin jirgi ko takardun makarantata bai buɗe ba. Tambayarsa ɗaya ce: "Ka iya mota?" A kan iƙamata, wato katin izinin zama, an rubuta tafinta. Aikin kuwa tuƙi ne, in kwashi leburori daga masauki zuwa wurin gini, in dawo da su. Mu takwas ne a ɗaki, bayan wani jerin rumbunan ajiye kaya. Kullum da ƙarfe uku na yamma, wato ɗaya na rana a gida, lokacin babban shirin labarai ke nan, sai in ji ina gyara murya, ko da ina tsakiyar titi. Abokan ɗakina suka lura, suka sa mini suna Mai Labarai. Da tsokana suka fara, sunan ya bi ni.

A shekara ta biyu aka ba ni wani injiniya in riƙa tuƙa shi. Zan kira shi Dawud, ko da yake ba shi ne sunansa ba. Haifaffen Maroko ne, a Faransa ya girma, gajere mai furfura, ba ya son sanyin mota. Ranar da ya ji na amsa waya da Faransanci, sai ya bar kujerar baya ya dawo gaba. Daga nan hira ba ta ƙare ba. Yana son in karanta masa allunan hanya da muryar rediyo, ya yi ta dariya.

Ina tuƙa shi ne wata Laraba da hantsi ƙanena ya kira, ya ce mahaifiyarmu ta rasu. Na nemi izinin tafiya gida, aka ce mai sa hannu yana hutu. Ko da yana nan ma, kafin la'asar an riga an kai ta makwancinta. Sai na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinmu na zauna. Da safe abokan ɗaki su yi mini gaisuwa su hau mota, in wuni ni kaɗai da ƙarar manyan motoci.

Bayan azahar ta ranar farko sai ga tasi ta tsaya, Injiniya Dawud ya fito riƙe da leda. Na jawo masa kujerar roba, ya girgiza kai. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa kusa da ni. A cikin ledar dafaffen ƙwai ne da burodi. Bai ce uffan ba, har sai da ni na fara magana. Ya dawo ranar uku. Ya dawo ranar bakwai.

Na ce, "Injiniya, wa ya gaya maka muna yin uku da bakwai?"

Ya ce, "Na tambayi mutanenku. Mu ma kwana bakwai muke yi. A ƙasa ake zama, kuma mai gaisuwa ba ya magana sai mai makoki ya fara."

"Ku su wa?"

Ya dubi hagu, ya dubi dama, sannan ya ce a hankali, "Iyayena Yahudawa ne, Ari. Ina so maganar ta tsaya a kan tabarmar nan."

Ba zan ɓoye ba, hannuna da ke riƙe da ƙwai ya tsaya a hanya. Ya gani. Ya ce, "Ci abinka. Ƙwai ne kawai."

Na ci. Ya bar ƙasar tuntuni, shi ya sa na iya rubuta wannan. Kafin ya tafi ya shiga ofis ya tambaye su dalilin da ya sa tafinta ke tuƙa mota alhali suna fama da 'yan kwangila masu Faransanci. Ta haka na samu tebur, ta haka kuma na samu damar kawo iyalina.

Gubaira ce zangona na biyu. Ɗaki biyu muka kama a saman wani shagon gyaran firji, ni da matata Hadiza da 'yarmu, lokacin tana da shekara biyar. Sunan mahaifiyata ke gare ta, Falmata, don haka ba na kiran sunan, Ummi muke ce mata a gida. Muka sa ta a wata ƙaramar makarantar 'yan mata ta kuɗi, wadda yawancin ɗalibanta 'ya'yan baƙi ne. Cikin shekara biyu Larabcinta ya fi Hausarta. Malamai suka ga sunan ya yi musu nauyi, suka mayar da ita Faɗima.

A irin waɗannan makarantu namiji ba ya shiga. Uba ko direba ya tsaya a ƙofa, mai gadi ya ɗauki makirufo ya kira sunan yarinya, ta fito. Mai gadin shi ne Baba Buba, Bafulatani daga wajen Dakoro a jihar Maraɗi, dogo, siriri, da carbi a wuya. Matarsa Inna Dije tana aiki a ciki, ta kai shayi, ta yi wa malamai kwafin takardu. Ɗakinsu yana jikin ƙofar. Makarantar ce kafil ɗinsu, wato da sunanta suke zaune a ƙasar. Da ya ji ni Babarbare ne, shi ke nan, ya samu abokin wasa.

"Bawana, yau ma ka makara. Wai a haka ka yi aikin rediyo?"

"Baba, mutumin da agogonsa saniya ce, ina ya san makara?"

Sai ya ɗaga makirufo ya ce, "To ni da kai, wa ya fi masu sauraro yanzu?" Sannan ya matsa bakinsa, ya ja sunan yadda ake jan sa a gida: "Falmata Ari! Falmata Ari, mai ke ya zo!"

A duk faɗin Riyad, nan ne kaɗai nake jin sunan mahaifiyata da ƙarfi. Ban taɓa gaya masa ba. Ina jin ya sani.

Al'adarmu ce bayan magariba Ummi ta tsaya ta karanta mini darasinta da babbar murya, ina gyara mata numfashi da wurin tsayawa. Wata rana, tana aji shida, ta buɗe littafin rubutunta na wani darasi da suke kira sanin al'ummomi. An jera mutanen duniya, kowa da halinsa. Mu 'yan Afirka an ce muna da ƙarfin jiki da haƙurin hidima. Ta wuce wurin ba ta ko ɗago kai ba. Sai ta zo kan Yahudawa: wai da yaudara ake haihuwarsu, ba su da amana, kuma babu fitinar da za ta tashi a duniya babu hannunsu. Ta karanta da kyau. Ta tsaya a duk inda na koya mata tsayawa.

Na ce, "Wa ya faɗa?"

Ta ce, "Abla." Haka suke kiran malama.

"Ita a ina ta samo?"

"Baba, zai fito a jarrabawa fa."

Na ɗauko littafin darasin da hukuma ta amince da shi, na bi shi shafi shafi. Babu wannan magana a ciki. Ummi ta ce wata takarda ce malamar ke rabawa, su kwafa, ta karɓe abinta kafin a tashi.

Hadiza tana jin mu daga wajen murhu. Da yarinyar ta shiga ɗaki sai ta ce, "Malam, kai ba ka ganin abin da ake yi wa Falasɗinawa? Yau kuma kai ne lauyan Yahudawa?"

Na ce, "Na gani. Da bakina na karanta labarinsu shekara tara, akwai ranar da na rufe makirufo don muryata ta ƙi fita. Amma wanda ya jefa bam yana da suna, gwamnatin da ta aike shi tana da suna. Wannan takarda jariri take zagi tun bai buɗe ido ba. Kuma kin san wanda ya zauna mini makokin Inna."

Ta ce, "Na sani. Amma mu baƙi ne. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

Washegari na kira shugabar makarantar daga wayar da ke ɗakin gadi. Ta saurare ni cikin ladabi, sannan ta ce babu irin wannan takarda a makarantarta. Ta ce wataƙila yarinyar ba ta fahimci darasin ba, tunda Larabci ba harshenta ba ne.

Baba Buba yana zaune a gefe, ya ji komai. Na ajiye waya na ba shi labarin duka, har da na tabarmar Sulay, ban dai faɗi suna ba. Ban roƙe shi komai ba. Wannan gaskiya ce, ko da yake ba ta wanke ni.

Ya ja carbi ya ce, "Ni ban taɓa ganin Bayahude ba, ko a mafarki. Amma wanda ya zauna maka makokin uwa a ƙasa, ya gama maka komai." Ya ƙara jan carbi. "Kuma a ce Falmata ba ta jin Larabci? Yarinyar da ke gyara mini nawa?"

Ranar Lahadi da na zo ɗaukar ta, ya miƙo mini ledar burodi. A ƙarƙashin burodin akwai takardar, shafi biyu, da hatimin makaranta a kai. Inna Dije ce ke yin kwafin, ta ƙara guda.

Ya riƙe hannuna ya ce, "Mai Labarai, ka ji ni da kyau. Sunana kada ya fito. Nan ne ɗakina, nan ne iƙamata. Na tsufa da neman wani kafil."

Na ce, "Haba Baba. Shekara tara ina sakaya sunan majiya, ba a taɓa kama ko ɗaya ba."

Kwana uku na yi ina rubuta ƙorafin. Hujjata ɗaya ce, kuma mai ƙarfi: makaranta ba ta da ikon koyar da abin da ba ya cikin littafin da aka amince da shi, balle abin da ke cusa wa yara ƙin wata al'umma gaba ɗayanta. Na kawo maganar shugabar makarantar yadda ta faɗe ta, don kada a ce na tauye ta. Sannan na zo kan yadda takardar ta shigo hannuna, na rubuta kamar yadda aka koya mini: na karɓe ta ranar Lahadi, da ƙarfe ɗaya da kwata na rana, a ƙofar makarantar, daga wata majiya da ta nemi a sakaya sunanta.

Na karanta wa Hadiza. Ta ce, "Ya yi daɗin ji. Amma dole sai ka sa ƙarfe nawa?"

Na ce, "Shi ke nuna ba ƙirƙira na yi ba."

Wannan ya dawo da mu ranar Talatar da na fara da ita. Jami'in mutum ne mai natsuwa, ya yi mana adalci. Ya karanta ƙorafin da ƙarfi daga farko har ƙarshe. Lauyan makarantar yana zaune hannu harɗe, bai rubuta komai ba a kan Yahudawa, bai rubuta komai ba a kan littafin hukuma. Da aka zo kan ranar Lahadi da ƙarfe ɗaya da kwata, sai ya zaro biro ya rubuta layi ɗaya. A lokacin ne na tuna da abin da nake gani kullum ba na lura: akwai kyamara a saman ƙofar makarantar, tana kallon daidai inda Baba Buba ke tsayawa.

A Damagaram, in ka ce wata majiya, mutum ya ɓace cikin gari guda. A nan na ba su rana, na ba su sa'a, na ba su wuri. Sunan ne kawai ban rubuta ba, kuma ba sa bukatarsa.

Jami'in ya ɗaga takardar ya karanta wa wayar abin da ke kan hatimin, ya tambaya ko nasu ne. Shugabar ta ce tsohuwar takarda ce da wata malama ta zo da ita ba da saninta ba. Aka ba da umarnin a janye ta, kada ta fito a jarrabawa, aka kuma rubuta wa makarantar gargaɗi. Jami'in ya miƙo mini hannu ya ce na yi abin da ya kamata uba ya yi. Na fito na tsaya a bakin titi, tasi uku suka wuce ban tsayar ba.

Da azahar na je ƙofa na gaya wa Baba Buba abin da na rubuta, kalma da kalma. Ya ɗaga kai ya dubi kyamarar, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "To. Ka iya duba agogo, Babarbare." Ya ɗauki makirufo ya kira 'yata.

Ba a kore shi a ranar ba. Babu wanda ya yi masa maganar takarda. An dai hana Inna Dije shiga ɗakin kwafi, aka mayar da ita share tsakar gida. Bayan sallah, da lokacin sabunta iƙamarsu ya zo, mai makarantar ya kira shi ya ce shekaru sun ja, ya kamata ya je gida ya huta. Aka buga musu bizar fita ba dawowa.

Na ce masa mu je ofishin ma'aikata mu shigar da ƙara, ni zan rubuta.

Ya yi dariya har da tari. "Kai za ka rubuta? A'a, bawana, ka rufa mini asiri, wadda ka rubuta ta isa." Da dariyar ta lafa ya ce, "Da wa zan yi shari'a? Da mutumin da na goyi 'ya'yansa? Kuma me za ka ce musu? An ce na tsufa, kuma na tsufa."

Gaskiya ya faɗa. Na zauna da biro na nemi abin da zan kafa hujja da shi. Ba ni da rana, ba ni da sa'a, ba ni da majiya. Na bi masu shaguna uku a Gubaira da wani mai rumbun kaya a Sulay ko akwai mai karɓar dattijo mai gadi da matarsa. Kowa ya tambayi shekarunsa, ya ce Allah ya kawo mafita.

Inna Dije ba ta ce mini komai ba sai gaisuwa. Hadiza ta wuni biyu a ɗakinsu tana taya ta ɗaurin kaya. Ta dawo ta ce mini abin da ya fi damun tsohuwar shi ne ba ta san wanda ya rage a garinsu ba, sa'o'inta duk sun rasu ko sun bi 'ya'yansu birni. Hadiza ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Ranarsa ta ƙarshe Laraba ce. Na zo da wuri, karo na farko. Ya dube ni ya ce, "Yau da za ni ka koyi zuwa kan lokaci." Da aka buga ƙararrawa ya miƙo mini makirufo. "Ungo. Shekara shida ina jin labarin muryar nan. Kira 'yarka da kanka mu ji."

Na karɓa. Na gyara tsayuwa, na ja numfashi yadda na saba. Iyaye da direbobi suna tsaye suna jira. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Sunan uwata ne, ban taɓa kiran sa da ƙarfi ba, kuma ba a ranar zan fara ba.

Ya karɓe abinsa a hankali, ya ce, "Rediyon Damagaram ya lalace." Sannan ya kira ta sau biyu, ya ja sunan har ƙarshen titi.

Ummi ta fito ta durƙusa ta gaishe shi da Hausarta mai tsami. A hanya ta tambaye ni ko saboda takardar ne Baba zai tafi. Na ce saboda abin da na rubuta ne. Ta ce, "To da ka sani, da ba za ka kai ƙara ba?" Na ce da zan kai, amma da na cire layi ɗaya.

Na rubuta wa Injiniya Dawud sau ɗaya a adireshin da ya bar mini, saƙon ya dawo. Bai san an yi wannan ba, Baba Buba kuma bai taɓa jin sunansa ba.

Darasin bai fito a jarrabawa ba, kuma ba a sake raba takardar ba. Baba Buba da Inna Dije sun tashi ranar Alhamis da hantsi, ta Adis Ababa zuwa Yamai, daga can mota zuwa Dakoro. Ni na kai su filin jirgi. Wanda aka ɗauka a madadin Baba Buba yana karanta sunaye ne daga rajistar aji, kuma Faɗima yake kira.